Ta Ce Musu Ba a Cin Sausan

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar mahaifiyata, Inna Falmata mai humra, Allah Ya jiƙanta. Juma'ar da ta wuce dangi suka yi mata saukar Alƙur'ani a tsohon gidanmu na unguwar Birni a Damagaram. An kafa rumfar bash, an toshe lungu da kujeru, an yanka rago, an ɗauko lasifika. Malamai suka yi addu'a, mata suka yi ta share ido da bakin mayafi, kowa ya buɗe baki sai ya ce ai Falmata mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ina zaune a gefe aka ajiye mini kwano, ko buɗe shi ban yi ba. A wannan tsakar gidan aka kira ta mai guba, ta wannan ƙofar ta fita da ƙunshin kayanta a ka, kuma da yawa cikin tsofaffin da ke share idon nan suna tsaye a ranar, ba wadda ta ce uffan.

Na san abin da za a ce. Za a ce Zara'u ta yi furfura ba ta bar zafin rai ba, abin da ya wuce ya wuce, mamaci addu'a yake so. Addu'a kam ina yi mata safe da yamma, ba sai an ara mini lasifika ba. Amma a ce mace ta yi shekara ashirin tana yawo da mugun suna, ta mutu da shi, ta ƙara wasu ashirin a ƙasa ba wanda ya wanke ta, sa'an nan a zo a ce shinkafa da naman rago sun share komai? Ni ban yarda ba. Shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida, in faɗi abin da ya faru a gidanmu a shekarun fari. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa, yanzu ai akwai shi.

Sai na fara da furen, don shi ne tushen maganar. Sausan muke ce masa a gidanmu. Sai da na shiga lakwal, makarantar boko, na ga hotonsa, na ji Faransawa na ce masa iris. Ganyensa a tsaye yake, mai faɗi, kamar an jera takubba, furensa kuma fari ne, yana fitowa wajen ƙarshen sanyi, ya yi 'yan kwanaki ya yanƙwane. Ba iri ake shukawa ba, saiwa ake dasawa, wata kakkaura mai gaɓa-gaɓa kamar ɗanyar citta. Inna ta gaje shi ne daga kakarta, ita kuma kakar an ce mijinta falke ne mai bin ayarin Tarabulus, shi ya zo da saiwar cikin jakar fata. Ko gaskiya ne ko daɗin bakin tsofaffi ne, oho. Abin da na sani, duk Birni ban san gidan da ke da shi ba sai namu, kuma ba don ado kawai Inna ke renonsa ba. Da saiwar take haɗa humra da turaren wuta, shi ya sa uwayen amare kan tsallake masu humra da yawa su zo ƙofarmu.

Har yau in na rufe ido ina ganin ta durƙushe a gindin katangar yamma, inda hantsi ke sauka, inuwa kuma ta rufe wurin tun azahar. Bayan shekara uku ko huɗu saiwoyin kan cunkushe su daina fure. Sai ta tone su, ta ɓalle 'ya'yan da ke gefe, ta datse ganyen ya rage kamar tsawon tafin hannu, ta shafa toka a wurin yankan, ta bar su su sha iska. Sa'an nan ta yi 'yar kunya da rairayi da tsohon taki, ta ɗora saiwar a kai, ta baza ƙananan jijiyoyin ta rufe su da ƙasa, gadon bayan saiwar kuwa ta bar shi a fili kamar ƙadangare mai shan hantsi. In ka binne ta kamar rogo ruɓewa za ta yi, ko ta yi ta ganye ba fure. In ka cika mata ruwa ma haka, har wari take yi. Tsofaffin saiwoyin su take ferewa, ta shanya, ta zuba a wata tukunyar ƙasa ta rufe da faifai. Ɗanyar saiwa ba ta da ƙamshi ko kaɗan, sai ta shekara biyu ko uku a tukunya ƙamshin ke fitowa. Inna takan ce wannan ba sana'ar mai gaggawa ba ce.

Ina da shekara goma sha biyu fari ya kai intaha. Waɗanda suka gani ba sai na ba su labari ba, waɗanda ba su gani ba kuwa, Allah Ya sa kada su gani. Gero ya kai gwiwa ya tsaya ya bushe, tafkuna suka ƙafe, pampon unguwa in ka murɗa sai iska. Da ma yaya lafiyar kura balle ta yi hauka, Damagaram ba ta taɓa ƙoshi da ruwa ba ko a shekarar alheri. Mutanen karkara suka riƙa kwararowa gari, kowa yana neman gidan ɗan'uwa. Babana, Malam Isufu baduku, asalinsa mutumin ƙauyen Hamdara ne, koyon dukanci ya kawo shi Birni ya zauna. Wata rana da la'asar sai ga yayarsa, Gwaggo Hajara, ta iso a ƙasa da 'ya'ya uku, mijinta ya yi kudu neman abinci ba labarinsa. Babban ɗanta, Mamman Sani, ya ɗan girme ni. Autar, Sa'ade, 'yar shekara uku, tana goye, wuyanta kamar sillen kara.

Inna ta share musu ɗaki, ta raba tuwonmu biyu. Ban taɓa jin ta yi tsaki ba. Kwanonin jerenta ta riƙa fitarwa ɗaya bayan ɗaya suna komawa hatsi, har sai da bangon ɗakinta ya zama fili. Na faɗi wannan ne don waɗanda daga baya suka ce rowa ce ta sa ta yi abin da ba ta yi ba.

Ruwan da Inna ke ba sausan ba wani ruwan kirki ba ne. A kan wata tsohuwar tasa take alwala, mu ma ta sa mu, abin da ya taru shi take tsiyayawa a gefen kunya lokaci-lokaci. Amma Gwaggo manomiya ce 'yar manoma, a duniyarta ba a haifi mahaukacin da zai shayar da abin da ba a ci ba, balle a shekarar da mata ke tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Wata safiya ina riƙe da tasar, Inna na tsiyayawa, Gwaggo ta zo ta tsaya a kanmu.

"Falmata, wannan dankalin naku na birni yaushe yake nuna?"

"Yaya, ba dankali ba ne, ba a cin sa. Turare nake yi da shi. In ya shiga ciki ɓarna yake yi, don Allah ki ja wa yara kunne."

Gwaggo ta yi 'yar dariya ta ce, "In ba ƙira, me ya ci gawayi?" Ta juya ta yi tafiyarta.

Wannan shi ne gargaɗi na farko. Na biyu, bayan 'yan kwanaki Gwaggo ta shiga ɗakin Inna da sunan shara, ta ga tukunyar a bayan gado. Ta ɗaga faifai ta ga abu fari, ferarre, busasshe, sak busasshen rogo. Ta ciko hannu ta fito tsakar gida tana cewa ashe abinci na ɓoye a gidan ƙanenta alhali 'ya'yanta na kwana da yunwa. Ina tsintar dawa a tabarma, Mamman Sani na zaune a kan turmi. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ɓalli ɗan guntu ta ce Gwaggo ta taɓa a harshe ta ji yadda yake ƙuna, ta kuma shinshina ta ji ƙamshin. Gwaggo ta taɓa, ta tofar, ta ce anzar daji ma ɗaci gare ta, a ƙauye sun jiƙa sun ci, ƙamshi kuwa duk abin da ya kwana a ɗakin mai humra ai dole ya yi ƙamshi. Inna ta ce, "Yaya, na haɗa ki da Allah, ba a ci. Da ana ci, da ban kai ga sayar da kwanonina ba." Ta karɓe abin da ke hannunta ta mayar tukunya.

Ranar da aka ce za a raba jar dawar taimako, ni da Inna muka fita tun safe muka shiga layi. Baba yana rumfarsa a kasuwa da ƙanena Lawali. Ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Muna shiga gida na ga tukunyar a kife a ƙofar ɗaki, turmi ya yi fari, kunya guda ta sausan an tone ta tas. Gwaggo ta daka busasshen ta haɗa da dusa, ɗanyen kuma ta tafasa sau ɗaya, don ba ruwan da za a yi ta jiƙo ana zubarwa kamar yadda ake yi wa anza. Ta zuba yakuwa don ta kashe ɗacin, ta lallashi yara suka ci. Ita kanta loma kaɗan ta yi, ta bar musu, kamar yadda kowace uwa za ta yi. Dawar da ke kan Inna ban san lokacin da ta zube ba.

Kafin magariba amai da gudawa sun kama su duka. Mazan biyu suka sha wuya suka tashi. Sa'ade ba ta da jikin da za ta yi kokawa da shi. Inna ce ta goya ta a guje zuwa disfansar, ɗan asibitin unguwa, aka sa mata ruwa a jijiya, washegari rai ya yi halinsa. Inna ce kuma ta goyo gawar ta dawo da ita gida, don Gwaggo ko tsayuwa ba ta iya yi.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida. Wata maƙwabciya ta tambayi yadda abin ya faru, irin tambayar nan ta zaman makoki da ba a jiran amsarta. Sai Gwaggo ta ɗaga kai ta ce Falmata ce ta nuna mata tukunyar, ta ce ta dafa wa yara, don ta gaji da ciyar da su. Inna tana rabon gumba, ta tsaya da ƙwaryar a hannu ta ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni ce na miƙe na ce ƙarya ne, Inna ta hana, sau biyu ta hana, ina wurin. Hayaniya ta kai zaure, Baba ya shigo, aka gaya masa na ƙaryata yayarsa a gaban mutane. Bai tambayi komai ba, ya wanke ni da mari. Na juya na dubi Mamman Sani, wanda ke zaune a kan turmi ranar da Inna ta haɗa uwarsa da Allah. Yatsun ƙafarsa yake kallo.

Yau da na haifa, na kuma binne, na san abin da ya sa Gwaggo ta faɗi haka. Uwar da ta ɗura wa 'yarta ajali da hannunta dole ta nemi inda za ta sauke kayan, in ba haka ba hankalinta ne zai tafi. Na fahimta. Amma fahimta daban, yafiya daban. Da a cikin zafin mutuwa ta faɗa, kafin arba'in ta janye, wallahi da ba ku ga sunana a jarida ba. Shekara arba'in ta yi tana kwana tana tashi a kan maganar nan.

Kuma ba ita na fi jin haushi ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Baba ya yi shekara goma sha biyar yana wuce kunyoyin nan safe da yamma, ya san ba a cin sausan kamar yadda ya san sunansa, ya kuma san matar da ya aura. Amma yayarsa ce, ita ta goye shi, ga gawa, ga idon dangi. Da maraice ya kira Inna ya ce ta ɗan je gida har ƙura ta lafa. Ta ɗaura kayanta ta tafi unguwar Zango gidan wanta. Ƙura ta lafa, damina ta dawo, gero ya yi kyau, biko dai shiru. Bai je ba, bai aika ba, har Allah Ya karɓi ransa. Sauran sausan ɗin kuwa ya sa aka tumɓuke aka watsar a juji. Gwaggo ta gaji ɗakin Inna da murhunta, mijinta bai dawo ba, ita ma ba ta koma Hamdara ba. Ni da Lawali muka girma a hannunta. Ina yi wa Baba addu'a don wajibi ne a kaina, Allah Ya gafarta masa, amma ba zan ce ya kyauta ba.

Abin da ƙarya ta yi wa Inna a Zango shi ne abin da masu saukar nan ba su gani ba, ko suka gani suka kau da kai. Wace uwa za ta sayi humrar da 'yarta za ta shafa a jiki daga hannun matar da aka ce ta kashe yarinya da guba? Sana'a ta mutu murus. Yaran maƙwabta aka hana su karɓar ko ƙuli-ƙuli daga hannunta. Sallar farko da na yi a wurinta ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zuba a kwanoni ta aike ni gida-gida kamar yadda aka saba. Da yamma kwanonin suka riƙa dawowa, wasu ko murfin ba a ɗaga ba, wata kuma ta juye wa kaji a gabana don kada in yi shakka. Inna ta jera su a tsakar ɗaki ta ce, "To, mun huta da girkin gobe." Daga wannan shekarar ba ta ƙara aika wa kowa abinci ba. Ta koma sayar da gawayi da itace, abin da ba a ci, ba a shafawa. Hannun da in ya taɓa mayafinka sai ya kwana yana ƙamshi, haka ya koma baƙi ƙirin har ta mutu.

Makonni bayan tafiyarta, ina hanyar lakwal na bi ta jujin, na ga saiwoyin a yashe, sun motse, rana ta gasa su, amma wasu da ɗan kore a baki. Ko akuyoyin Birni, waɗanda a shekarar nan suke cin kwali da tsumma, ba su taɓa su ba. Akuya ta fi wasu mutane jin magana. Na tsinci uku na ƙulle a bakin zane na kai wa Inna a Zango. Ta daɗe tana kallon su a tafin hannuna, ta ce in mayar da su inda na ɗauko. Na kai ƙofa sai ta ce, "Kawo." Ta samo toka, ta yi kunya a bayan ɗaki, ta ɗora su, gadon bayansu a fili. Shekarar farko ganye kawai suka yi, ta biyu suka yi fure. Ba ta ƙara fere saiwa ko ɗaya ba, tukunya ma ba ta sake ajiyewa ba. Furen kawai take zama ta kalla in ta idar da sallar asuba.

Da na girma, na fara koyarwa, na sha yi mata faɗa a kan ta bari mu tara manya a warware maganar. Sai ta ce, "Zara'u, uwa ce da ta rasa 'ya. In na ƙwace mata wannan maganar, da me za ta tsaya?" Na ce ke kuma da me kika tsaya? Ta ci gaba da auna gawayinta. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana. Ni dai na zauna kusa da mahaƙurciya shekara ashirin, ban ga wadatar ba, sai tari da hayaƙin gawayi ya bar mata a ƙirji. Haƙurin nan nata da ake yabo a lasifika, shi ne ya ba kowa damar kwana lafiya ban da ita.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Damagaram ta yau. Sababbin unguwanni sun cika da gidajen siminti, kowane da furanni a ƙofa, ana shayar da su da tiyo har ruwa na gangarowa titi, alhali a ƙasan gari mata na jere da bido, wato jarkoki, tun safe suna jiran pampo. Ba wanda ke ce wa masu gidajen nan mahaukata, ba wanda ke tambayarsu ko ana ci. Macen da ta shayar da kunya huɗu da ragowar ruwan alwala ita aka ga ɓarnarta. Amare kuma yanzu turaren kwalba suke so, wanda in an fesa sai ka yi atishawa, kafin azahar ya gudu. Ina jin da Inna ta shinshina sai ta yi murmushi kawai, don ba ta iya kushe ba. Ni na iya, na kuma kushe.

Mamman Sani yanzu Alhaji ne, a rumfar Baba ya koyi ciniki, Allah Ya buɗa masa. Shi da Lawali suka ɗauki nauyin saukar nan. Lawali ban ga laifinsa sosai ba, yana ɗan shekara biyar aka yi abin, labarin da aka shayar da shi shi ya sani. Bara Alhaji ya gama sabon gida, ya ji an ce ina da wani fure da babu irinsa a gari, ya aiko matarsa wai a ba shi irin furen Innarmu ya sa a ƙofa don tunawa. Innarmu. Na ba matar ruwa ta sha, don ba ruwanta, na ce ta koma ta gaya masa ba a cin sa. Na san da Inna ce da ta ba shi, har ta bi shi gida ta nuna wa mai yi masa ban ruwa yadda ake dasawa, ta kuma roƙe shi ya ja wa jikoki kunne. To, ni ba Inna ba ce.

Saura kwana biyu a yi sauka Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta tsufa tukuf, ido ya tafi, tana nan a ɗakin Inna har yau, inda aka tone kunyoyin kuma an malale shi da siminti. Na je da hantsi. Ta sa aka fitar da kowa, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Zara'u, ta faɗa mini," in ji ta. "Sau biyu ta faɗa. Ni ce na ƙi ji. Ke ce babbarta, ki yafe mini."

Shekara arba'in ina jiran wannan magana, da ta zo kuma sai na ji ba ta ishe ni ba. Na ce, "Gwaggo, ba ni kika yi wa ba. Kuma ba a ɗaki kika faɗa ba, a tsakar gida kika faɗa, gaban mutane. Jibi tsakar gidan nan za ta cika. Ki faɗa a can, ni kuma in ce na yafe a can."

Ta ce, "To."

Ranar Juma'a bayan an shafa addu'a, Alhaji ya zagayo da lasifika wajen tsofaffin mata, wai kowace ta ce wani abu a kan marigayiya. Da ya iso kan uwarsa ya durƙusa ya kara mata a baki. Na miƙe tsaye, a daidai inda na tsaya ina 'yar shekara goma sha biyu. Na ga maganar ta zo mata har baki. Sai ta ce, "Falmata mai haƙuri ce. Allah Ya jiƙanta." Ta ture lasifikar da bayan hannu. Mata suka ce amin, aka fara rabon shinkafa.

Me ya rage na Inna Falmata bayan shekara ashirin? Ɗakinta wata ke ciki. Haɗin humrarta ya tafi da ita, don lokacin da ya kamata in koya ba ta da zuciyar koyarwa. Hoto ɗaya gare mu, shi ma na katin ɗan ƙasa ne. Abin da ya rage shi ne saiwoyi ukun nan na juji. Yau sun cika gindin katangata, na raba su na kuma rabawa, suna gidajen tsofaffin ɗalibaina da maƙwabtana, har garin Mirya an kai. Duk wadda na ba sai na durƙusa na nuna mata yadda ake yin kunyar, na ce kada ta binne, kada ta cika ruwa, na gaya mata ba a ci, na kuma gaya mata sunan mai shi da abin da aka yi mata. Wasu kan ga kamar na cika surutu a kan fure. Su suka sani.

Gwaggo ba ta karatu, amma Alhaji Mamman Sani yana sayen jaridar nan, na sha ganinta a motarsa. Alhaji, kana kan turmi a ranar, ka ji da kunnenka. Ka karanta wa Gwaggo wannan, sannu a hankali yadda za ta ji, tun da sauran numfashi a tsakaninmu. Ƙofata a buɗe take, tsakar gidan Birni ma tana nan inda take. Kafin nan, tunda an rasa mai faɗa a lasifika, ni na faɗa a nan, mutanen Damagaram su shaida. Falmata ba ta ba kowa guba ba. Ta raba tuwonta biyu, ta sayar da kwanoninta, ta goyi yarinyar zuwa likita ta goyo gawarta. Ta ce musu ba a ci. Sau biyu ta faɗa, ina tsaye.

Allah Ya jiƙan Sa'ade, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba ta inuwa da ruwan sanyi.